Taswirar Lancashire ta 1610 da na saya: kada a ɗauki ƙarama

Wata uku ke nan da na rataye ta a falo, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya matsa kusa yana neman Manchester, garin da muke zaune. Kwafi ce ta taswirar lardin Lancashire na Ingila da mai zana taswira John Speed ya tsara, mai ɗauke da shekarar 1610, wadda Jodocus Hondius ya sassaƙa a kan farantin tagulla a Amsterdam. Ta intanet na yi odarta, ta iso a naɗe cikin kwali mai kauri, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne babu hanya ko ɗaya a cikinta. Koguna ne, irin su Mersey da Ribble, da duwatsu da aka zana tamkar kunyar dankali, da gandun dawa na masu sarauta kewaye da shinge. Manchester ɗan gari ne kawai a cikin yankin Salford, ba ka ce shi ne zai zama cibiyar masaƙar auduga ba. Tun 1974 ma aka cire shi daga Lancashire. Speed bai zagaya ya auna ƙasar duka da kansa ba, ya dogara sosai da aikin Christopher Saxton, wanda ya fitar da kundin taswirorin lardunan Ingila da Wales a 1579. Ƙarin da Speed ya yi shi ne zanen garin Lancaster a kusurwa, da fuskokin sarakunan gidan Lancaster da na York da suka yi ta yaƙi kan gadon mulki. 'Yata ta fi son wannan wajen, har ta haddace wane ne Richard na Uku.

Kuskurena ɗaya: na fara sayen ƙaramar, don rangwame. Sunayen ƙauyuka suka cakuɗe, sai da gilashin ƙara girma nake karantawa, wasu ma sun dushe gaba ɗaya. Kamfanin ya karɓa ya musanya min da babba, amma kuɗin mayarwa daga aljihuna ya fita, kuma hakan bai yi min daɗi ba. Launin ma ya ɗan yi yawa, koren ya danne wasu sunaye a bakin iyaka.

Babbar dai ta biya ni kuɗina. Yanzu ta Yorkshire nake nema, lardin su Saxton.