Rigar sanyi mai gashin agwagwa: inji ko hannu, na'urar busarwa ko shanya?

'Yar'uwa, kin yi tambaya a kan jaket ɗin nan mai cike da lallausan gashin agwagwa. Kin ce wuyan rigar da bakin hannunta sun yi baƙi da maiƙo, kina tsoron jefa ta a injin wanki kada ta lalace, kina son sanin ko wankin hannu ya fi, sannan ko lallai sai da na'urar busar da kaya ko shanya ma ta wadatar. Tambaya biyu ke nan kika haɗa, kuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi nesa ba kusa ba. Da wuya wanki ya kashe irin wannan riga idan an bi ta a hankali. Wajen busarwa ne akasari ake yin asararta.

Sai kin san abin da ke cikinta za ki gane dalili. Ba gashin fiffike mai tsinke a tsakiya ba ne. Lallausan gashin nan ne da ke kwance a ƙirji da cikin agwagwa ko dinya, ƙarƙashin manyan gashin, kowane ɗaya kamar ɗan ƙulli mai siraran zare da suka bazu ta ko'ina. Shi kansa ba ya kawo ɗumi. Iskar da yake riƙewa a tsakanin zaren nan ita ke tsare ɗumin jikinki kada ya fice. Lambar da ake rubutawa a hannun wasu riguna, 600 ko 700 ko 800, awon wannan kumburin ne: oza ɗaya na gashin, wato kimanin giram 28, sararin inci nawa, a awon tsawo da faɗi da zurfi, zai cika idan ya buɗe. Idan kuma kin ga 90/10 a takardar da ke ɗinke a ciki, ana nufin kashi 90 lallausan gashi ne, kashi 10 ƙananan gashi masu tsinke. Duk abin da zai sa gashin ya manne da juna, ya kashe amfanin rigar. Shi ya sa ƙin wankewa ma cuta ne, domin zufa da maiƙon jiki suna ratsa yadin su liƙe gashin, a hankali rigar ta kwanta. Saboda haka ki wanke abarki, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa ga mai sawa yau da kullum a lokacin sanyi.

To, inji ko hannu? A nan sai an fara tambayar wane irin inji. Mai ƙofa a gaba, wanda gangarsa ke ɗaga kaya ta sake su, shi ne abokin wannan riga. Mai murfi a sama wanda ke da sanda tsaye a tsakiya tana murɗawa hagu da dama, wannan ki nesanta rigarki da shi. An ɗinka rigar gida-gida ne don gashin ya zauna inda aka ajiye shi, kuma ɗinkin da ya raba gidajen siriri ne. Idan sandar ta naɗe hannun riga ta ja, ɗinkin na iya ɓallewa daga ciki inda ido ba ya gani, gashin ya zube ƙasa ya bar kafaɗa fayau. Mai murfi a sama marar sanda yana iya yi idan an sa shi a kan wankin lallaɓawa.

Da injin gaba, aikin ba shi da yawa. Ki duba alamar da ke jikin takardar rigar tukuna: hoton baho da lamba 30 na nufin ruwan kada ya wuce digiri 30 a ma'aunin Salshiyas. Ki zazzage aljihu, ki ja kowane zif har sama, ki manne maɗaurai masu ƙaiƙayi don kada su yagi yadin, ki cire gashin ado na bakin hula idan mai cirewa ne. Ko da ƙaramar huda ce ki liƙe ta kafin ruwa ya taɓa rigar. Wuyan da kika ce ya yi baƙi, ki shafa masa ɗan sabulun wankin, wanda zan yi bayaninsa a gaba, da yatsa ki bar shi na minti goma. Rigar ita kaɗai za ki sa, a kan wankin lallaɓawa, ki ƙara ɗauraya sau ɗaya ko biyu a kan wadda injin ya saba yi.

Wankin hannu ya fi taushi, wannan gaskiya ne, kuma ga tsohuwar riga da ɗinkinta ya fara saki ni ma shi zan zaɓa. Amma yana da wahalar da ba a cika faɗa ba. Rigar cike take da iska, yadinta kuma ba ya son shan ruwa, sai ki ga tana yawo a saman baho kamar balan-balan. Sai kin yi ta dannawa da tafin hannu har iskar ta fita kafin ta jiƙe. Ɗauraya kuwa sai kin canja ruwa sau huɗu ko biyar kafin kumfa ta daina fitowa. Babbar matsalar tana ƙarshe: ba a murɗa wannan riga a matse ta kamar zane. Dannawa kawai ake yi, a naɗe ta a tawul, a sake dannawa. Komai ƙoƙarinki, ruwan da zai rage a ciki ya fi wanda inji zai bari yawa. Juyin matsewa na inji, ko da a kan gudu kaɗan ne aka maimaita shi sau biyu, yana fitar da ruwa ba tare da murɗa ba, kuma wannan kaɗai yana rage miki sa'o'i a wajen busarwa. Shi ya sa a wajena injin gaba ya ci wannan zagayen.

Wani abu da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai: jiƙaƙƙiyar riga ba a ɗaga ta ta kafaɗa. Gashin da ya sha ruwa nauyi gare shi, yana iya yaga ɗinkin ciki. Ki tallabo ta da hannu biyu daga ƙasa kamar jariri.

Maganar sabulu ba ta da tsawo amma a nan mutane da yawa ke zamewa. Gashin yana da ɗan man halitta a jikinsa wanda ke hana shi karyewa. Garin omo na yau da kullum yana kankare man nan, kuma yana barin saura da ke liƙe zaren. Akwai sabulun ruwa da aka yi musamman don gashin, irin su Nikwax Down Wash Direct da Granger's Down Wash. Idan ba ki samu ba, sabulun ruwa marar ƙarfi, marar turare, ɗan kaɗan, tare da ɗauraya mai yawa. Bilic da ruwan sa kaya laushi kam kada su kusance ta. Ki ma wanke aljihun zuba sabulu na injin kafin ki fara, don ragowar na jiya yana nan a maƙale. Kai wa masu wankin sinadari, wato dirai-kilin, ba mafita ba ce, domin sinadaran da suka saba amfani da su aikinsu ke nan narkar da mai. Da yawa daga rigunan nan ma za ki ga da'ira da aka soke da gicciye a takardarsu, alamar kada a yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da kika buɗe injin za ki ga abin da zai tsinka miki zuciya: rigar ta zama tsumma, ta kwanta shame-shame, idan kika ɗaga ta ga haske sai ki ga gidajen babu komai sai 'yan dunƙule-dunƙule a lungu. Har da ɗan ƙarni irin na jiƙaƙƙiyar kaza. Kada hankalinki ya tashi, haka take yi wa kowa. Ba ta lalace ba, busarwa ce za ta dawo da ita ko ta ƙarasa ta.

Na'urar busarwa tana yin abu biyu a lokaci guda, tana busarwa tana kuma bugawa, kuma bugun ya fi zafin muhimmanci. Ki sa ta a kan zafi mafi ƙanƙanta. Alamar murabba'i mai da'ira a ciki da ɗigo ɗaya ita ke nuna ƙaramin zafi, kimanin digiri 60 iyaka. Yadin waje siririn nailan ne ko foliyesta, zafi mai yawa na iya ƙona shi ko ya yamutsa shi, a garin gyaran gira a rasa ido. Ki jefa ƙwallon tanis masu tsabta biyu ko uku, ko ƙwallon ulu na busar da kaya, su riƙa dukan dunƙulen suna warwarewa. Bayan kowane rabin sa'a ki fito da rigar, ki girgiza, ki bi gida-gida da yatsu kina ɓarza duk curin da kika ji, musamman a hammata, ƙarshen hannu da hula. Sa'a biyu zuwa uku abu ne da aka saba, riga mai kauri ta fi haka. Akwai ƙarin riba: ɗan ɗumin yana farfaɗo da sinadarin da aka shafa wa yadin waje don ruwa ya riƙa gangarewa a kansa.

Shanya kuwa ba ta ƙona komai, ba ta cin wuta, amma duk bugun da ƙwallo zai yi sai hannunki ya yi shi. Ba a rataye ta a igiya, domin jiƙaƙƙen gashin zai gangaro ya taru a ƙasa. Shimfiɗa ta ake yi a kan abin shanya mai raga, inda iska ke bi ta sama da ƙasa, a inuwa, da fanka a kanta idan akwai. Duk bayan sa'a biyu ko uku a juya, a girgiza, a warware curi. Inda iska take a bushe tana iya gamawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Inda iska ke da danshi tana iya kai kwana uku ko fiye, kuma nan ne haɗarin yake, don gashin da ya daɗe a jiƙe fumfuna yake yi daga ciki.

Abin ya taɓa faruwa da ni. Na shanya tawa, washegari na taɓa yadin na ji shi a bushe ƙarau, na naɗe na sa a kabad ina murna. Bayan mako guda da na buɗe, warin rima ne ya fara tarbata. Na matsa wajen hammata na ji ƙulli masu tauri kamar tsakuwa, sanyi-sanyi a cikinsu. Yadin waje ne ya ruɗe ni, shi yana bushewa cikin ɗan lokaci alhali tsakiyar kowane curi tana nan a jiƙe. Sai da na sake wankewa daga farko, na zauna gaban na'urar busarwa yini guda, duk da haka wani gida a bayan rigar bai ƙara tashi kamar da ba. Har yau idan na sa ta ina jin sanyi na shiga ta wurin, kuma yana yi mini ciwo domin haƙurin kwana ɗaya ne kawai na kasa.

Saboda haka amsata gare ki ita ce: idan kina da injin gaba da na'urar busarwa, ki yi amfani da su duka biyun ba tare da fargaba ba. Idan injinki mai sanda ne, ki wanke da hannu, amma ki nemi inda za ki sami na'urar busarwa ko da a wurin wankin haya ne. Idan shanya ce kaɗai hanyarki, ki jira ranakun da iska ta bushe, ki zaɓi lokacin da za ki kasance a gida kwana biyu a jere, kada ki fara idan kin san gobe za ki buƙaci rigar.

Ta kowace hanya kika bi, gwajin bushewa ɗaya ne. Ki bar rigar ta huce tukuna, don ɗumin na'ura yana ɓoye danshi. Ki matsa kowane gida tsakanin yatsu: kada ki ji curi ko sanyi. Ki ɗaga ta ga fitila ki ga gashin ya bazu ko'ina ba inda haske ke wucewa tar. Ki sansana, ƙarnin nan ya kamata a ce ya tafi gaba ɗaya. Ko duk sun yi daidai, ki ƙara mata rabin sa'a a na'ura ko wani yini a iska, sannan ki rataye ta a sake a cikin kabad, ba a cushe cikin ƙaramar jakarta ba.