Kwana Shida a Jirgin Ruwa a Gaɓar Zanzibar: Sharhina

Abin da ya ja ni hoton talla ne: mutum kwance a raga a goshin jirgi, ruwa shuɗi garau a ƙarƙashinsa. Ba zan ce hoton ƙarya ba ne, ni ma na kwanta a ragar nan har barci ya ɗauke ni. Sai dai mai hoton bai leƙa banɗaki ba, bai kuma duba tankin ruwan sha ba, alhali a nan rabin rayuwar jirgi take.

A watan Agusta muka je, ni da uwargida da ƙanena, aka haɗa mu da wasu ma'aurata da ba mu taɓa sani ba. Jirgin irin wanda ake kira katamaran ne, mai gangar jiki biyu da falo a tsakani, ɗaki huɗu, ma'aikata uku: matuƙi, wanda can suke ce wa nahodha, da kuku, da wani saurayi mai kula da igiyoyi da anka. Yarjejeniyarmu da kamfanin ita ce a tashi daga Stone Town, a haura arewa zuwa Nungwi da Mnemba, a gangaro kudu har Kizimkazi.

Tun ranar farko agogo ya ba mu kunya. An ce mana tashi "saa mbili", ƙanena da ya haddace ƙidayar Suwahili a jirgin sama ya ce ai ƙarfe biyu ke nan. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, "saa mbili" ƙarfe takwas ne na safe. Muna shan shayi a masauki aka turo a ɗauke mu, kaya ko ɗaurewa ba mu yi ba.

Ɗakin kwana dai kada a sa rai. Gado ne ya cika shi, sai 'yar taga a sama da fanka wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. In jirgi ya juya hancinsa ga iska, sanyi na shigowa ta tagar ka yi barci mai daɗi. In ruwan sama ya sauko aka rufe ta, sai ka ji kamar an kife ka da tukunya. Komai kuma da danshi. Tawul ba ya bushewa sosai, zanin gado na manne maka, gishiri na hawa gilashin ido. Zuwa kwana na uku na daina damuwa, uwargida kuwa har muka sauka ba ta yafe ba.

Banɗaki sai da aka yi mana darasi a kansa. Famfo ne na hannu, ka murɗa wani ɗan maɓalli ka buga ruwan teku ya shigo, ka mayar da shi ka buga ya fita, kuma ko takarda ba a jefawa ciki domin bututun siriri ne. Wanda ya toshe shi, kowa a jirgi zai sani.

Ruwan daɗi shi ne sarki. Kana zaune a tsakiyar ruwa iya ganinka, amma kofi ɗaya ma sai ka yi lissafinsa. Jirgin na da injin da ke matse ruwan teku ta cikin matata ya raba shi da gishiri, injin kuma batir yake ci, batir kuma sola da injin jirgi ke cika shi, firji da fanka da cajin waya duk a kansa suke. A kwana na biyu injin tace ruwan ya tsaya. A nan nake da ƙorafi na gaske, domin daga bakin saurayin nan na ji cewa tun tafiyar da ta gabata yake ciwo, kamfani ya sani, bai gyara ba, bai kuma faɗa mana ba. Daga ranar wanka ya koma haka: ka faɗa teku, ka hau, ka shafa sabulu, ka sake faɗawa, sannan a miƙo maka gora ɗaya ta ruwan daɗi ka ɗauraye. Alwala kam ba ta zama matsala ba, tunda ruwan teku mai tsarki ne, guga kawai ake zurawa da igiya.

Salla ce ta koya mini yadda jirgi ke zama a kan anka. A Zanzibar alƙibla kusan arewa sak take, saboda tsibirin da Makka kusan a layi ɗaya suke. Sai ka duba kamfas ɗin matuƙi, ka daidaita, ka kabbara, kafin ka kai raka'a ta biyu jirgi ya lila ya mayar da fuskarka wani wajen, domin shi a kullum hancinsa na bin iska da jan ruwa yana kewaya inda ankar ta kama. Nahodha, wanda shi ma musulmi ne, ya nuna mini lokacin da ruwa ke tsayawa tsakanin cika da janyewa, ya ce in na samu dama in yi a lokacin. Ranar da igiyar ruwa ta yi ƙarfi kuwa a zaune muka yi.

Mutumin nan shi ne abin da na biya kuɗi dominsa, ko da yake ban san haka ba lokacin biya. Ba ya yawan magana. In za a jefa anka sai ya yi ta kewaye yana leƙen ƙasa yana neman farin yashi, don kada ƙarfen ya faɗa kan murjani, sannan ya saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, ya ja da baya da inji ya tabbatar ta kama. Cikin dare na sha jin sawunsa a saman kaina, ya fito duba ko mun ja. Wurare masu duwatsun murjani ba ya shigarsu sai rana ta ɗaga, lokacin da launin ruwa ke faɗa masa zurfi: shuɗi mai duhu a wuce, kore a rage gudu, ruwan ƙasa-ƙasa a kauce.

Tafiya arewa daɗi ce zalla. Lokacin iskar kusi ne, mai busowa daga kudu, tana bayanmu, aka kashe inji aka buɗe ƙyallen jirgi. Mil talatin na teku ko kusa da haka ne zuwa Nungwi, kowane mil mita 1,852, muna yin kamar biyar a awa, wato wuni guda a abin da mota ke cinyewa kafin ka gama hira. Ba abin da kake ji sai ruwa na tsagewa. Kuku ya ja ƙugiya a baya, kafin azahar ya kama kifi mai tsawon hannu, da shi aka ci shinkafar kwakwa. Abincinsa ban da abin cewa, sai dai burodi da ya fara furfura a kwana na huɗu.

Wuraren da aka tsaya ba duka suka burge ni ba. Tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, akwai manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seshel a 1919. Awa ɗaya ta isa. Mnemba kuwa ba a ma sauka a tsibirin, na masu wani masauki ne, a gefensa ake iyo, da hantsi kuma kwalekwale sun fi kifi yawa. Amfanin kwana a jirgi shi ne ka riga su shiga ruwa da sassafe. Kuɗin shiga wuraren nan daban ake biya, abin da takardar kamfani ta rubuta da ƙananan baƙaƙe. Na fi jin daɗin Nungwi, inda na tsaya kallon masassaƙa suna harhaɗa jirgin katako a bakin yashi, babu zane a takarda, sai ido da gizago.

Teku a gaɓar nan tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma lokacin tsayuwar wata da cikarsa bambancin kan kai kusan mita huɗu. Wata la'asar muka bar ƙaramin kwalekwalenmu a bakin wani tudun yashi muka tafi yawo. Da muka dawo yana zaune a busasshiyar ƙasa, ruwa ya yi nisa. "Yaya, ɗauka za mu yi fa," in ji ƙanena. Haka muka kinkime shi da injinsa, muna taka tsantsan da ƙayar teku, magariba kuma a can ba ta jira, rana na faɗuwa duhu ya rufe.

Dawowa kudu ita ce ta fitar da raini. Iskar da ta tura mu yanzu a fuska take, inji na ruri, jirgi na dukan ruwa. Ƙwayar hana jiri kafin a tashi ake shanta, ni kuwa sai da cikina ya juya na tuna da ita. Abin da ya taimaka shi ne zama a waje, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, da tauna citta. Ɗaki kuwa ko kusa. A daren nan nahodha ya ce ba zai kai mu Kizimkazi ba, ruwan kudu ya yi tsauri. Na ji haushi, na yi ta gardama, bai canja magana ba. Yanzu na san da ya biye mini da uwargida ba ta sake hawa ko gada ba.

Ga mai son zuwa: ma'aikatan na ba su biyar cikin biyar, kamfanin biyu, su ma don jirgin na da tsabta da rigunan ceto isassu. Ka tambaya a rubuce ko injin ruwa na aiki, ka tambayi kuɗin da ba ya cikin farashi, ka zo da jaka mai laushi maimakon akwati, domin babu inda za ka cusa shi. Mai son kudancin tsibirin ya nemi lokacin iskar kaskazi, mai busowa daga arewa, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kizimkazi dai a mota muka je washegarin saukarmu. Akwai tsohon masallaci a can da rubutun Kufi, wato tsohon salon rubutun Larabci, a jikin mihirabinsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107. A ciki na yi azahar, ƙasa daram, alƙibla ba ta motsi, amma da na sunkuya ruku'u sai da na ware ƙafa, domin daɓen lilo yake yi da ni.