Butar shayi ta azurfa: ta Ingila, ta Amurka ko mai ruwan azurfa?

Idan dillali ya miƙo maka tsohuwar butar shayi tana ƙyalli, kife ta ka duba gindinta tukuna, kafin a yi maganar kuɗi. Ƙyalli ba ya raba azurfar gaske da ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa. Hatimi ne ke raba su.

Kayan Ingila sun fi sauƙin ganewa, shi ya sa nake ba sabon shiga shawarar ya fara da su. Za ka ga ɗan zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya: wannan shi ne shaidar cewa kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce. Kusa da shi akwai alamar garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan, anga (ƙarfen tsayar da jirgin ruwa) ta Birmingham, kambin sarauta na tsohuwar Sheffield. Sai harafi guda mai nuna shekara, da haruffan sunan maƙerin. In ka ga kan sarki ko sarauniya a jere da su, galibi shaidar biyan haraji ce, wadda aka riƙa bugawa daga 1784 zuwa 1890. Murfin ma ya kamata ya ɗauki hatimi. In babu, wataƙila daga wata butar aka aro shi. Mazubin sukari da na madara su ma su zo da maƙeri ɗaya, in ba haka ba haɗe-haɗe ne, kuma farashi ya sauka.

Na Amurka kalmar Sterling ake bugawa, wato azurfa kashi 925 ɗin nan, kuma kamfanin ne ke shaidar kansa. A kula da kamfanin Gorham na Amurka: tambarinsa zaki ne da anga da harafin G, har wasu su ɗauka kayan Birmingham ne. Na Jamus kuwa sau da yawa kashi 800 cikin 1,000 ne, da alamar jinjirin wata da kambi, azurfarsa ba ta kai ta Ingila ba.

Mai rubutun EPNS ruwan azurfa ne kawai. Don shan shayi da baƙi ba laifi, ga arha, amma ba ajiyar dukiya ba ne, kuma yawan gogewa na cinye ruwan har ƙarfen ciki ya leƙo.

Sai mariƙi. Tsofaffin butoci da dama na da ɗan zoben hauren giwa mai tare zafi, kuma dokokin Birtaniya da Amurka sun tsananta a kan cinikin haure. Tambayi mai gwanjon kafin ka biya, ko ka nemi mai mariƙin katako.