Sudocrem da ƙurajen pampas: abin da na gani a jikin ɗiyata

Da zafin Afrilu ya kankama, ɗuwawun ɗiyata ya yi jawur, ko ruwa ya taɓa wurin sai ta tsala ihu. Ƙanwar maigidana, wadda take aikin jinya, ita ta ce in nemi Sudocrem a kemis.

Farin mai ne mai kauri a roba ruwan toka, asalinsa ɗan ƙasar Ayalan, tun 1931 ake yin sa. Ƙarfinsa sinadarin zinc oxide ne, kusan kashi 15 cikin 100, wanda yake shiga tsakanin fata da fitsari da kashi. Amma ba a laɓta shi. Nakan wanke ta da ruwan ɗumi, in bar ta tsirara a kan zane ta sha iska, sai wurin ya bushe sarai in shafa ɗan kaɗan. Jan ya lafa, barcinta ya dawo.

Kuɗinsa dai da ɗan ciwo, amma yana da auki. Don kariya ta yau da kullum man kaɗanya ya ishe ni, Sudocrem ɗin na ajiye shi sai ta ɓaci. Hoda kuwa na watsar, duk da mitar kakarta, domin jariri yana shaƙar ƙurarta.

Idan ƙurajen sun shiga matsematsi da ƙananan jajayen ɗigo, ko aka kwana 3 babu sauƙi, wataƙila fungus ne, wato wata irin ƙwayar cuta mai kama fata. Wannan man bai isa ya magance shi ba, asibiti za a je.