Gargaɗi: Mai tallar rim da taya a Facebook ya cuce ni N437,000

Assalamu alaikum jama'a. Na so in haɗiye wannan magana saboda kunya, amma yau da safe na ga mutumin ya sake ɗora tallar kayansa da wani sabon suna, da hotunan nan dai da ya turo mini. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. N437,000 wannan mutum ya ci mini. N380,000 kuɗin rim huɗu da taya huɗu, N45,000 kuɗin wani ƙarfe da ya ce adafta ne, N12,000 kuɗin mota daga Kano. Ban sa kuɗin mai faci ba, ban sa gyaran fendar da ta yage ba. N437,000. Kuɗin riɗin da na noma bana ne na haɗa da kwasar adashina, ba kyauta aka ba ni ba.

Tun kafin wani ya fara ce mini ai kai ma da ganganci, ku tsaya ku ji. Ni malamin lissafi ne, kuma ba yau na fara riƙe mota ba. Corolla ce 'yar Amurka ta 2006, ita nake shiga kullum daga ƙauyenmu da ke yankin Taura zuwa makaranta, ita ke kai iyali asibiti, ita ke ɗauko mini taki daga Gujungu. Hanyarmu kafin ka hau kwalta burji ce da ramuka, da damina kuwa sai wanda ya gani. Tayoyina sun suɗe, rim ɗaya na ƙarfe ya lanƙwashe yana sace iska. Dole ce ta sa na nemi canji, ba gayu ba.

Kuma na yi tambaya. Duk abin da ya kamata mai hankali ya tambaya na tambaya. Na ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin ƙofar direba na tura masa, na ɗauki hoton gefen tayata inda aka rubuta 195/65 R15 na tura masa. Na san ma'anar lambobin nan: 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefen taya ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman rim ne a inci. Da ya ce zai ba ni rim inci 17 da taya 215/50 R17, ban ce to haka kawai ba. Na zauna da biro da takarda. Tsayin tsohuwar tayata gaba ɗaya milimita 634 da ɗoriya ne, wadda ya ce zai kawo kuma kusan 647. Bambancin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, masu sanin harkar kuwa suna cewa kar ya wuce kashi 3. Na yi wannan lissafin da hannuna kafin in tura ko sisi. Ina gangancin yake a nan?

Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda nake ta juyawa a kaina har barci ya gagare ni, shi ne maganar inci 18. Ni ne na ga wasu rim inci 18 a shafinsa, sun fi kyau, sun fi tsada, na ce su nake so. Sai ya ce, "A'a Malam, ranka ya daɗe, ba zan sayar maka da waɗannan ba. Kai da kake bin hanyar ƙauye, taya mai siririn gefe ba taka ba ce, rami ɗaya zai fasa maka rim. In na ba ka su na ci amanarka, kuma akwai hisabi." Haka ya faɗa, akwai hisabi. Mutum ya ƙi karɓar kuɗi mai yawa ya ce ka sayi mai araha don kar ka cutu, ku gaya mini wa zai zarge shi? Kuma maganar tasa gaskiya ce, duk wanda ya san mota ya san idan rim ya ƙara girma gefen taya yana raguwa, kuma wannan gefen ne ke shanye dukan rami. Da gaskiya ya kama ni. A nan zuciyata ta kwanta, a kan wannan kalma ta hisabi.

Na ma tsallake wani abu. Kafin maganar inci 18 ɗin, muna cikin waya aka kira sallar la'asar a wajensa, ina jin ladan, ya ce, "Malam bari in yi salla, zan kira ka." Kuma ya kira. Shi ya kira da katinsa. Ya turo bidiyo yana zagaya wata Corolla irin tawa sak, rim ɗin na ɗaure a jikinta, yana ambaton sunana a cikin bidiyon don in san ba tsoho ba ne. Ya nuna lambar shekarar taya kusa da kyamara, 1223, wato mako na 12 na shekarar 2023. Bidiyon yana wayata har yanzu, zan ɗora shi ku gani da idonku.

Na ce masa zan shigo Kano ranar Asabar a ɗaura a gabana. Ya ce wani daga Haɗeja ya riga ya taya, in ban biya yau ba gobe ba zai iya riƙe su ba, amma saboda ni malami ne kuma mahaifinsa ma malamin makaranta ne, ya fi so su zo hannuna. Na je wajen mai POS na tura N380,000. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ke shafin ba, kuma na tambaya, kar wani ya ce ban lura ba. Ya ce na yayansa ne mai shagon. A kasuwanninmu yaran shago nawa ne ke ba da asusun maigidansu? Kullum haka ake yi. N380,000, alat ya shiga, ya turo mini addu'a har da fatan Allah ya tsare hanya.

Kaya suka iso tasha a naɗe cikin buhu da kwali, na biya direba N12,000. Direban ba ruwansa, saƙo aka ba shi. Na kai wa mai facin garinmu, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya ɗaga mota da jak, ya kwance taya, ya ɗauko rim ya kara, sai ya tsaya. Ya juya shi ya sake karawa. Ya ce, "Malam, wannan ba na motarka ba ne." Ramukan noti biyar ne, nawa ma biyar ne, amma ba su hau kan kusoshin ba. Corolla irin tawa 5x100 take ɗauka, ma'ana da'irar da ta ratsa tsakiyar ramukan biyar faɗinta milimita 100 ne. Abin da ya turo 5x114.3 ne, irin na Camry da Honda Accord. Da ido ba za ka bambance a hoto ba, sai an kara a mota. Kuma na tambaye shi wannan! A rubuce yake a hirarmu ta WhatsApp, na ce ramukan 100 ne ko 114, ya amsa da cewa 100 ne wallahi. Da wallahi ya amsa.

Mutane sun taru a wajen mai facin, har da iyayen ɗalibaina. Ina tsaye motata a kan jak, ana ta ɗaga rim ana dubawa ana girgiza kai. Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba.

Na kira shi a wurin. Ya ɗauka, ya yi salati, ya ce yaron shago ne ya yi kuskuren ɗauko wasu, ya ba ni haƙuri har muryarsa na rawa. Ya ce in na dawo da su sai an jira wani kaya ya iso daga Legas, amma akwai hanya mai sauƙi, akwai adafta da ake ɗaurawa tsakanin mota da rim ya mayar da 100 zuwa 114.3, zai ba ni a kuɗin sari, N45,000. A nan ne wasu za su ce me ya sa ka ƙara tura kuɗi. To ku sa kanku a matsayina. N380,000 ɗina na hannunsa, kaya na hannuna ba sa shiga mota, tsofaffin tayoyina sun kusa nuna waya, Litinin akwai makaranta. Adafta kuma abu ne da ake yi da gaske, ba ƙirƙira ya yi ba, na bincika na gani. Na tura N45,000.

Adaftar ta zo, aka ɗaura. Kaurinta ya turo tayoyin waje har sun leƙo daga bodin mota. Ban kai ko bakin kwalta ba na faɗa wani ɗan rami, na ji ƙara a baya, taya ta daki fenda ta yage leɓenta. In na karya sitiyari gaba ɗaya sai gaba ta riƙa gurzar robar ciki. Da muka koma, sai mai facin ya goge gefen tayoyin da tsumma, domin an shafe su da wani baƙin mai mai ƙyalli, muka karanta lambobin da kyau. Ba 215/50 ba ne. Uku 225/55 R17 ne, ɗaya 215/55 R17. Ko girmansu bai zama ɗaya ba! Na sake lissafi a tsaye a wurin: 225/55 R17 tsayinta ya kai milimita 679, ta fi tawa ta asali da kusan santimita huɗu da rabi, wajen kashi 7 cikin ɗari. Ma'ana maleji na nuna maka 100 alhali kana gudun 107. Mota ta yi nauyin tashi, birki ya canza, taya ba ta da wurin motsi. Lissafin da na yi tun farko daidai yake, kayan da aka yi lissafin a kansu ne bai turo ba.

Tun ranar farko ma mai facin ya so ya duba lambobin, hankalinmu ne ya tafi kan ramukan noti. Sai a wannan karon muka ga shekarar. Ba 1223 ba ce. Biyu 3815 aka rubuta, mako na 38 na 2015, sauran biyun kuma an kankare wajen lambar da wani abu mai kaifi. Tayar 2015 ya sayar mini a matsayin ta 2023, ita kuma jami'an Road Safety ke ta jan kunne a kai saboda tsohuwar roba fashewa take yi a kan gudu. Akwai kuma hoton tsauni da alamar ƙanƙara a jikinsu, wato tayoyin lokacin sanyin Turai ne, robarsu mai taushi ce, ba a yi su don kwaltar Jigawa ta watan Afrilu ba. Ɗaya ta yi ƙullutu a gefen ciki. Da aka cire tayar daga rim, sai ga walda a bayan rim ɗin, ya taɓa tsagewa aka like aka fesa fenti a kai. A wannan motar nake ɗaukar 'ya'yana. Ya sani, na gaya masa, har ya ce a gaida masa su.

Na tura masa hotuna, ya karanta bai amsa ba. Na kira, ya ce yana jana'iza. Daga baya ya ce in ƙaro N20,000 ya aiko yaro ya karɓi kayan a canza, na ce ko ƙwandala ba zan ƙara ba, ya dawo mini da N437,000 ɗina. Daga nan ya yi bulokin ɗina ko'ina. Na shiga Kano har kwatancen da ya ba ni, na bi layin shaguna ina nuna hotonsa da bidiyon, babu wanda ya san shi, lambar shagon da ya faɗa ma ta mai sayar da batir ce. 'Yan kasuwar wurin sun tausaya mini, wani dattijo a cikinsu ya ce ba ni ne na farko da ya zo da irin wannan bidiyon ba.

Har yanzu in na tuna muryarsa yana cewa ba zan sayar maka da inci 18 ba, akwai hisabi, sai in ji jikina na rawa. Da ya san da hisabin ai da bai kankare shekarar taya ba. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba, ko Naira ɗaya a cikin N437,000 ban yafe ba.

Uwargida ba ta ce mini komai ba sai Allah ya mayar da alheri. Motar yanzu na mayar mata da tsofaffin rim ɗinta, na ciyo bashi na sayi taya biyu 195/65 R15 na sa a gaba, na bayan suna jiran albashi.

Ku dai kar ku tura wa kowa kuɗin rim sai an ɗaura a motarku kuna tsaye, an karya sitiyari hagu da dama. Ku karanta lambar girma da ta shekara a kan kowace taya da idonku, ku juya bayan rim ku nemi walda. In hanyar ƙauye kuke bi ku zauna a kan girman da ke rubuce a ƙofar direba.

Na shigar da ƙorafi a banki, kuma zan kai maganar gaban hukuma, shi ya sa aka ba ni shawarar kar in rubuta sunan asusun tukuna. Amma hotunan hirarmu, da risitin N380,000, da na N45,000, da bidiyon, da hoton waldar, duk ina haɗa su, zan ɗora da daddare in sabis ya yi kyau. Duk wanda aka taɓa tura wa bidiyon farar Corolla ana zagaya ta ana kiran sunansa, ya yi mini magana, ina neman waɗanda za mu je tare.