Masar, Zanzibar ko Maldib: ina nutso ya fi daɗi, ina ya fi sauƙin kuɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kai da uwargida kuna son hutu na kamar kwana 10 a bakin teku, kuma ranka ya biya ka gwada nutson nan da ake goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin ruwa, wai tsakanin Masar da Zanzibar da Maldib ina ya fi jin daɗi ina kuma ya fi araha. To ni dai in nutson ne ya kai ka kuma ba ka taɓa yi ba, Masar za ka, garin Dahab. In hutun madam ne a gaba nutso a baya, to sauran biyun su shigo magana. Bari in faɗi dalili.

Mu ƴan Damagaram lissafinmu ba irin na Bature ba ne, shi jirgi ɗaya zai hau ya sauka bakin ruwa, mu kuwa kafin ka ga teku kuɗin hanya ya ci babban kaso. Ko dai ka kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900 a mota, kwana ɗaya ya tafi jiki ya mutu, ko ka gangara Kano da ba ta kai kilomita 300 ba. Daga Kano akwai jirgin EgyptAir zuwa Alƙahira, daga can ka ɗauki na cikin gida zuwa Sharm el-Sheikh, awa ɗaya ce, sai mota ta kai ka Dahab cikin awa ɗaya da ɗan wani abu. Zanzibar sai ka bi Ethiopian ta Adis Ababa. Maldib ita ce can ƙarshen duniya, ta Istanbul ko Dubai ko Doha, ka kwana a hanya ka wuni a hanya, tikitinta kuma shi ya fi tsada cikin ukun.

Maganar biza kuma abin ya juye. Maldib da ta fi nisa ita ce mai sauƙi, a filin jirgin Male ake buga maka ta kwana 30 kyauta, in dai kana da paspor mai rai da tikitin komawa da shaidar otel ɗin da ka kama. Masar sai ka nema a ambasad tun kafin ka tashi. Tanzaniya ce mai jan rai, Nijar tana cikin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi, sai an cike ta intanet an jira amincewa daga can kuma yakan ɗau makonni, kada ka kuskura ka biya tikiti kafin ta fito. Sannan tun Oktoba 2024 Zanzibar ta ɗora wa duk baƙo inshorar dole ta dala 44, dalar Amurka fa ba dalarmu ta kasuwar Dole ba, ko kana da wata inshorar sai ka biya tasu. Katin rigakafin shawara kuwa ka riƙe shi ko ina za ka.

Yanzu nutson kansa. Ba a ba mutum tukunya haka kawai ya faɗa ruwa. Akwai na ɗanɗano, rabin yini, malami yana riƙe da kai ba za ku wuce mita 12 ba, wannan ko ba ka da takarda za a yi maka. Amma in kana son katin shaida na farko, wanda ƙungiyar koyar da nutso ta PADI ke kira Open Water (akwai wasu ƙungiyoyin, SSI da kuma CMAS da Faransawa suka fi bi), kwana 3 zuwa 4 ne, karatu da gwaji a ruwa mara zurfi sannan nutso 4 a teku, bayan nan an yarda ka sauka har mita 18. Kuma kafin a ba ka sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. A nan ne fa yawancinmu za mu faɗi, garin da ruwan pampo ma sai an yi dako, ina muka ga wurin koyon iyo in ba tabkin damina ba, shi ma tsargiya ce ladansa. Don haka in ba ka iya iyo ba ka nemi pisin a Yamai ko Kano ka koya tukuna, ya fi ka je ka biya kuɗin Turai ana koya maka abin da za ka koya da sefa.

Abin da ya sa na ce Dahab. Na farko ruwan Bahar Maliya garai yake, hamada ce ta kewaye shi, ba kogin da ke zuba laka a ciki ba ruwan sama na kirki, sai ka hangi mita 20 har 30 a ƙarƙashi, ga wanda zuciyarsa ke dukan uku-uku ranar farko wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin ƙasa da ganin malaminka sarai shi ke kwantar da hankali. Na biyu, a Dahab daga bakin gaɓa ake shiga, ka sa kayanka ka taka da ƙafa ka shiga ruwa, murjani, wato duwatsun nan masu rai masu launi-launi da kifaye ke zama a cikinsu, yana nan kusa. Ba kuɗin jirgin ruwa, ba kuma jiri da amai, wanda bai taɓa hawa teku ba bai san wannan azabar ba, akwai wanda ake biya masa kuɗin nutso ya ƙare a kwance cikin jirgi yana kiran sunan Allah. Kuɗin koyo a can yakan kama yuro 300 zuwa 400 har da hayar kaya, kuma da yake sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 kusan sefa 656, lissafin ba ya ruɗa ka, kusan jika 200 zuwa 260 kenan. Bayan ka samu kati kowane nutso yuro 30 ne ko sama kaɗan. Ɗaki mai kilim da ruwan zafi ana samu da araha, ba sai babban otel ba, abinci halal ne ko ina ba ka tambayar kowa, ga ful ga shinkafa da kifi ga gurasa, kiran salla kana ji daga ɗakinka, wanda ya yi makarantar allo ya ɗan taɓa Larabci ma zai iya ciniki.

In hannunka ya faɗa, kusa da Sharm akwai Ras Muhammad, gandun ruwa da gwamnatin Masar ta killace tun 1983, kifi kamar ƙasa. Akwai kuma Thistlegorm, jirgin ruwan Ingila da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance wajen mita 30, har yau babura da manyan motocin soja suna jere a cikinsa, sai dai wannan sai mai kati na biyu. Shi kuwa ramin nan na Dahab da ake kira Blue Hole ya ci mutane da yawa, kuma akasari masu ganin sun iya ne da suka zarce zurfin da aka koya musu, kai baƙo iyakarka gefensa tare da malami.

Aibin Masar? Sanyi. Daga Disamba zuwa Maris ruwan yana sauka wajen digiri 21 ko 22, a baki kamar ba komai amma ka yi minti 45 a ciki ka fito iska ta buge ka za ka gane kurenka, sai da rigar roba mai kauri. Watan Afrilu zuwa Yuni ko Satumba zuwa Nuwamba ya fi. Sannan bakin ruwan Dahab duwatsu ne da tsakuwa, ba farin yashin nan da madam ta gani a TikTok ba, in hoto take so za a yi rigima. Ga masu talla da ƴan tasi da sai ka iya ciniki, ga bakshish, wato na goro, a kowace ƙofa.

Zanzibar ita ce mai yashin. Ruwa da ɗumi kusan duk shekara, mutanen tsibirin galibi Musulmi ne, ka shiga tsohon gari ka ga mata da lulluɓi maza da hula sai ka ji kamar gida, pilau da biryani da kayan ƙamshi kuwa ba a magana. Wurin nutson da aka fi zuwa shi ne kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabas, akwai kunkurun ruwa akwai dolfin, amma sai da jirgin ruwa ake zuwa, shi ya sa fita ɗaya mai nutso 2 takan haura dala 100, kuma jiragen ƴan yawon buɗe ido sun yi wa wurin yawa, murjanin ma bai kai na Bahar Maliya lafiya ba, wannan ra'ayina ne. In za ku ku sauka Nungwi ko Kendwa a arewa, don a gabashin tsibirin in ruwa ya janye sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka same shi. Amma ka sani su waɗannan wuraren nan ne Turawa suka fi cika, da shigarsu da kiɗansu da giyarsu, in abin zai dame ku ka zaɓi otel da ke gefe. Kada ku je Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama ne. Sauro kuma yana nan, ba baƙonmu ba ne dai.

Maldib kuwa in jin daɗi zalla ake magana ba mai ja da ita. Tsibirai ne sama da 1000, ruwa digiri 28 zuwa 30, ko rigar roba mai kauri ba ka buƙata, ga manyan halittu, akwai kifin nan mai faɗi kamar mai fuka-fuki da ake kira manta, akwai kifin shak iri-iri har da ƙaton nan mai ɗigo-ɗigo da ba ya cin mutum. Amma Maldib biyu ce. Akwai ta otel mai tsibiri guda shi kaɗai, ɗaki a kan ruwa, wannan dare ɗaya ɗaruruwan daloli ne, kuma kai ka can daga filin jirgi da ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa shi ma wani kuɗin ne mai zaman kansa, ba kasuwa ba shago, ko ruwan sha a wurinsu za ka saya yadda suka ga dama. Akwai kuma ta talaka, tun 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe masauki a tsibiransu irin su Maafushi, ɗaki ƙasa da dala 100, ba giya sam don doka ta hana, ga masallaci, masu son tuɓewa an ware musu gefensu can. Ga iyali irin namu wallahi wannan ta fi waccan kwanciyar rai. Sai dai ka kula da farashin da suke rubutawa, sau da yawa ba haraji a ciki, za a ɗora 10% na hidima, a ɗora harajin gwamnati 17%, ga kuma harajin muhalli na kowane dare kowane mutum, kuɗin da ka gani a waya daban wanda za ka biya daban. Kuma ruwan can yana da ja, a mashigin da ke tsakanin tsibirai igiya tana kwasar mutum da ƙarfi, gwanaye abin da ke kai su kenan, sabon shiga kuwa wahala zai sha ya shanye iskarsa cikin minti 20. Wurin ganin kifin manta da aka fi yayatawa ma, Hanifaru, an hana nutso da tukunya a ciki, iyo ne kawai a saman ruwa, wanda madam ma za ta iya da rigar iska.

Wani zai ce ina tsibirin Koh Tao na Tailan, ai nan ne koyo ya fi araha a duniya. Gaskiya ne yana cikin mafi araha, amma abin da ka rage a makaranta tikiti ya cinye ninkinsa, ga neman abincin halal. Dakar kuma kusa ce kuɗinmu ɗaya, ana nutso wajen Ngor da Gore, sai dai ruwan ba garai yake ba kuma ba lambun murjani irin wanda kake nema.

To in na jera su a aljihu, Masar ce ƙasa, Zanzibar a tsakiya, Maldib ta ƴan gari tana ɗan sama da ita saboda tikiti, Maldib ta otel kuwa sai Elhazan birni. A jin daɗin kwana da bakin ruwa jerin sai ya kifa. Ita madam in tana son gwadawa kada maganar sutura ta hana ta, rigar nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu ana kuma ɗora hula, a Dahab mata masu koyarwa suna da yawa, ka tambaya tun kafin ku biya.

Kafin komai dai ka ga lokotoro. Mai sikila ba ya nutso, wannan ba wasa ba ne kuma ka san yadda ciwon yake da yawa a cikinmu, haka mai asma ko ciwon zuciya ko farfaɗiya ko matsalar kunne sai likita ya sa hannu, mace mai ciki ma ba ta shiga. Ko mura kake ka haƙura ranar, kunne ba zai daidaita ba. Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse, duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, sinadarin naitirojin yana shiga jini, in ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jijiya, abin yana kai wa ga shanyewar jiki. Maganinsa wani ɗaki ne na matsin iska, akwai shi a Sharm da Dahab da Hurghada, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne, don haka ka yanki inshorar nutso irin ta DAN ko ta ƴan kwanaki ce. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 da nutson ƙarshe, malamai da yawa ma 24 suke cewa, to in za ka tsara kwanakinku ka bar ranar ƙarshe fanko, ku yi ta a kasuwa wajen tsarabar mutanen gida.