Sharhi: Sayen tsohon agogon Omega a gwanjon intanet

Gidan gwanjon da na yi hulɗa da shi a Turai yake, ta intanet ake taya kaya, kuma abin da na saya Omega Seamaster ne na shekarun 1960, mai jikin farin ƙarfe, ba ya nuna kwanan wata, motsin hannu ke yi masa wani. Agogon ya iso lafiya, yana aiki, ina kuma ɗaura shi. Sai dai gamsuwa da kaya daban, gamsuwa da mai sayarwa daban.

Inda suka burge ni shi ne takardar bayanin lafiyar kaya. Ba su yi irin zaƙin bakin dillalai ba. Sun rubuta cewa fuskar agogon ta asali ce, ba a sake mata fenti ba, amma tana da 'yan ɗige-ɗigen tsufa wajen ƙarfe huɗu. An taɓa goge jikin sama-sama. Maɓallin da ake yi masa wani da shi ba nasa ba ne na asali. Madaurin sabo ne. Da kayan suka zo na bi su ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma, duk abin da suka faɗa haka na tarar. Hotunansu ma ba na kwalliya ba ne, har ƙarcen da ke gefen gilashi sai da suka haska.

Wanda bai shiga harkar ba zai yi mamakin yadda ake lissafa ɗigon tsufa cikin abin yabo. Mu a nan mun saba da son abu yana ƙyalli, in agogo ya dushe a kai shi a goge a mayar da shi kamar sabo. Masu tara tsofaffin agogo kuwa a fuskar suke zuba kuɗinsu, kuma fuskar da aka sake wa fenti, komai kyanta, darajarta ta faɗi warwas. Suna duba kaurin rubutu, ko haruffan sun zauna daidai, ko layukan mintoci sun dace da alamomin awa. Suna duba ƙasan ƙarfe shida, inda aka rubuta "Swiss Made": in akwai harafin T a gefe da gefe, alama ce cewa abin haskaka dare na sinadarin tiritiyam ne, wanda haskensa ke raguwa da shekaru, don haka ya kamata a ce ya riga ya mutu, launinsa ya koma ruwan ƙwai-ƙwai. In ka ga agogon shekara sittin yana haska ɗaki da tsakar dare, wani ya taɓa shi. Haka kuma launin da ke jikin allurai ya kamata ya zo kusa da na fuska, tunda tare suka tsufa. Sai ƙafafu huɗun da ke riƙe madauri: daga masana'anta da kaifin gefe suke fitowa, injin goge ne ke cinye su har su koma kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Nawa da sauran kaifinsu, shi ya sa na taya.

Gazawarsu a cikin agogon take. Babu hoton inji ko ɗaya a jerin hotunan, sai da na roƙa aka turo guda, shi ma a dushe. Abin da suka rubuta kawai shi ne yana aiki a lokacin da aka duba, ba su ɗauki lamunin daidaiton lokaci ba. Wannan magana ce ta kare kai. A jikin inji lambar ƙira take, a cikin murfin baya kuma lambar samfuri, kuma da su biyun ake gane ko jiki da inji tare suka fito.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Kasuwar Sabon Gari. Ya buɗe murfin, ya maƙala madubinsa a ido, ya daɗe bai ce komai ba. Injin Omega ne mai lamba 552, mai launin jan ƙarfe, irin wanda ya dace da wannan samfuri. Amma mai ya bushe, kuma ƙarfen da ke juyawa yana wani ya fara gogar murfi, har ya bar zane a zagaye.

"Alhaji, injin nan gangariya ne, wanki yake so. In goge maka jikin ma ya fito fes?"

Na ce, "A'a Baba, cikin kawai. Wajen a bar shi yadda yake."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya ja fatarsa ta aiki. Wannan zanen da ya gani cikin minti ɗaya, ƙwararrun gidan gwanjo ba su ambace shi ba.

Kada a ɗauka ƙananan gidaje kaɗai ake shammata. A Nuwamban 2021 an sayar da wani agogon Omega samfurin Speedmaster na 1957 a Janeba kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne na sassa daga agogo dabam-dabam. Bayan wannan labari, duk takardar da ba ta nuna cikin agogo ba rabin takarda ce a wurina.

Sai batun kuɗi. Farashin da aka sallama maka ba shi za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo a kan mai saye, wadda a manyan gidaje takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashin, ga kuɗin aikowa da inshora, ga kwastan, sannan ka juya duka zuwa naira. Sun rubuta la'adar, gaskiya, amma a can ƙasa da ƙananan haruffa. Tsarinsu kuma yana ƙara lokaci duk sanda wani ya taya a mintocin ƙarshe, abin da ke tunzura mutum ya wuce iyakar da ya ɗiba wa kansa. Ni tun kafin a buɗe na rubuta iyakata a takarda, da la'ada da kuɗin wanki a ciki.

Zan sake saye a wurinsu, amma sai an turo mini hoton inji da na cikin murfi masu haske kafin in taya ko sisi. In suka ƙi, in bar musu kayansu.